Katin Kawu Geng Mai Algaita

Shekara ashirin da takwas ke nan ina zaune a bayan taga ɗaya, a sashen allura na asibitin garinmu, wato allurar gargajiya, inda ake sossoka wa mutum siraran allurai a jiki ba tare da ruwan magani ba. Duk wanda ya zo karon farko, ni zai fara gani kafin ya ga likita. In buɗe masa kati, in yi masa tambayoyi goma, in rubuta amsa, in miƙa ciki. Zafi kake ji ko sanyi, kana gumi ko ba ka yi, yaya barci, yaya cin abinci, yaushe abin ya fara, wane ciwo kake da shi tun da, wane magani kake sha, da sauransu. Sunana Dou Jianye. Na ba hamsin baya, furfura ta ci rabin kaina, amma har yau Ƙaramin Dou ake kira na, don da sunan aka karɓe ni ranar da na kama aiki.

Mutanenmu suna da wani hali da ya daɗe yana ci mini rai. Mutum zai taso tun daga ƙauye, ya shiga mota, ya bi layi, ya zauna gaban likita, sai ya ɗora hannunsa a kan ɗan matashin da ake duba bugun jijiya, ya ja bakinsa ya tsuke. Wai gwada likitan yake yi. In likitan gaske ne, yatsu uku sun isa su gaya masa komai. In kuwa ya yi tambaya, to bai iya ba. Ina da wani littafi daban da nake rubuta irin waɗannan. Zuwa kakar bara sun kai ɗari uku da goma sha ɗaya. Yawancinsu ba sa wuce tambaya ta uku, domin da na taɓo zancen barci sai baki ya buɗe. Ban taɓa ganin tsohon da ba ya son a ji labarin rashin barcinsa ba.

Na ɗari uku da goma sha biyu shi ne Kawu Geng Shuanhu, kuma shi ne na farko da ya taɓa sa ni miƙa kati ciki babu amsa ko ɗaya a kansa.

Daga nan har garin Suide ba wanda bai san Kawu Geng mai algaita ba. Shi ya yi busa ranar da aka kawo mini amarya, shi kuma ya shige gaba da busa ranar da muka hau tudu da gawar mahaifiyata. An haife shi a wani ɗakin kogo a ƙauyen Gengjiagou, ubansa masassaƙin dutse ne. Yana ɗan shekara goma sha uku ya bi masu busa. A lokacin ba a ɗauki mai algaita a bakin komai ba, in ana biki a tsakar gida ake ba shi abinci, kusa da ƙofa, ba ya shiga ɗaki. Uban ya yi fushi ya daina yi masa magana shekara guda. Kawu Geng yakan ce sai da aka yi wata huɗu kafin ya gane an daina, saboda dama can tsohon ba mai magana ba ne.

Algaitar ƙasarmu ba a busa ta ita kaɗai. Biyu ake haɗawa, ɗaya ta ɗauki sama, ɗaya ta riƙe ƙasa. Shekara arba'in da ɗaya Kawu Geng yana sama, abokinsa Huo Zhanbiao yana ƙasa. Huo ya rasu, kuma a kakar bara ne yake cika shekara uku, ranar da iyali ke cire farin makoki, a yanka akuya, a ƙona takarda a bakin kabari, a kira masu busa. Kowa a garin nan ya san Kawu Geng ya yi wa Huo alkawari a bakin gadonsa cewa shi zai busa masa a wannan rana. Ranar ita ce tara ga watan goma a kalandar manoma.

Saura kwana talatin da huɗu, ranar wata Litinin da safe, sai ga shi a tagata ya naɗe fuska da gyalen ulu, alhali sanyi bai sauka ba tukuna, ana ma tsakiyar kaɗar magarya. Da ya kwance gyalen na ga abin da ya faru. Ɓarin fuskarsa na dama ya saki gaba ɗaya. Gira ta sauko, idon ba ya rufuwa sai hawaye yake yi, baki ya karkace ya koma hagu. Mukan ga irin wannan sau biyu ko uku a wata. Amma ban taɓa ganinsa a fuskar wanda leɓensa ne sana'arsa ba.

Na ce, "Kawu, sannu. Yaushe wannan ya same ka?"

Ya ce, "Ƙaramin Dou, kai likita ne?" Maganar ta gefe ɗaya take fita.

"A'a, Kawu. Akawu ne."

"To rubuta sunana. Ai ka san shi."

Na rubuta suna, da ƙauye, da sana'a, duk daga kaina. Na tambayi barci, ya dubi rufin ɗaki. Na tambayi abinci, ya fara gyara igiyar takalmi. Na tambayi ko yana shan wani magani, ya ce in gaishe masa da matata. Layi ya fara guna-guni a bayansa. Dole na ɗauki katin haka na raka shi ciki.

Likitarmu ta allura ita ce Likita Lei Huimin. Shekararta talatin da takwas, a Xi'an ta yi karatu, ta san allura da ganye, ta kuma san maganin asibitin zamani. Ta dubi katin, ta dube ni, na ɗaga kafaɗa. Kawu Geng ya zauna ya miƙa hannu a kan matashi.

Ta riƙe na dama, ta riƙe na hagu, ta sa ya fito da harshe. Sannan ta ce, "Bugun yana sama-sama, kuma a ɗaure yake. Iska da sanyi ne suka shiga. Amma wannan ko mai sayar da dankali a bakin ƙofa zai gaya maka, Kawu. Yaushe ya fara?"

"Ke za ki gaya mini."

"Yatsuna ba su da kalanda."

"To ba su gama karatu ba ke nan."

Ta yi ɗan murmushi, ta gyara zama. "Kawu, saurara da kyau. In jiya ne ko shekaranjiya, akwai wata ƙwaya da zan rubuta maka yau, ka haɗa da allura. A kwanakin farko take da amfani, in an wuce su ta tashi aiki. Kuma tana tayar da suga, don haka sai na san ko kana da ciwon. Ko ka bari a ɗan tsaga yatsanka a duba."

"Ba jini na zo bayarwa ba."

"To gaya mini ranar kawai."

Sai ya janye hannunsa, ya nuna kujerar da yake kai. "Yarinya, a kan wannan kujerar mahaifina ya zauna gaban tsohon Likita Pang. Uffan bai ce ba. Pang ya riƙe hannunsa, ya lumshe ido, ya ce masa, ka faɗo daga kan jaki kana ɗan shekara tara, ƙugunka na hagu ya bugu da dutse, kana son barkono, kana tashi fitsari sau uku kafin gari ya waye. Duk haka ne, ko ɗaya bai kuskure ba. Wannan shi ne likita."

Ta ce, "Likita Pang ya rasu shekara goma sha biyar da suka wuce. Ni ce ke nan. Bari in sa maka ko 'yan allurai ne a hannu, mu fara."

"Wanda bai san abin da ke damuna ba, ba zai soke ni ba."

Ya naɗe gyalensa ya fita. Na bi shi har bakin ƙofar asibiti, abin da ban taɓa yi wa kowa ba, na bar taga babu kowa. Na ce, "Kawu, saura kwana talatin da huɗu fa."

Ya ce, "Na iya ƙirga." Ya hau motar ƙauyensu.

Sau biyu ina aika masa saƙo ta hannun direban motar. Amsar da ta dawo ita ce a gaya wa Ƙaramin Dou ya ci gaba da rubuce-rubucensa. Katin na nan a aljihun teburina, kowace safiya in na jawo don ɗaukar biro sai in ga layukan nan goma fayau. Daga baya muka ji inda ya tafi. Akwai wani mai farin gemu da ke kafa tebur ranar kasuwa a bayan masu sayar da awaki. Shi ba ya tambaya. Ya riƙe hannun Kawu Geng ya ce masa iska ta buge shi, ba ya barci, kuma ransa a ɓace yake. Mutum da karkataccen baki, ina zai yi barci, ina ransa zai yi daɗi? Amma Kawu Geng ya ce ga likita. Aka shafa masa jinin zankon zakara, aka liƙa masa dakakkiyar tafarnuwa a kunci, aka kuma yi masa ƙugiya da reshen magarya, a maƙala a gefen baki a ɗaure da zare a kunne.

Kwana goma sha ɗaya cif sannan ya dawo, kuma ba da ransa ba. Matarsa, Gwaggo Fenglian, tana Yulin wurin 'yarsu da ta haihu lokacin da abin ya faru, bai ko gaya mata a waya ba. Ta dawo ta same shi da ƙugiya a baki kamar kifi, ga kunci ya salluɓe inda tafarnuwa ta ƙona. Ta riƙo shi a hannun riga har tagata.

"Ƙaramin Dou, rubuta. Suna, Jaki. Sana'a, taurin kai."

"Gwaggo, sunan yana nan tun wancan zuwan."

"To ƙara wannan. Ciwon suga, shekara tara. Magani, in ya tuna. Giya, in ya ga ban gani ba. Kai tsoho, ƙarya na yi?"

Kawu Geng ya juya yana karanta takardar da ke manne a bango, wadda ke cewa kada a zo allura da yunwa.

Na cike layi huɗu daga bakinta. Amma ranar da abin ya fara ba ta sani ba, kuma abin da yake ji a jikinsa shi kaɗai ya sani. Likita Lei ta wanke ƙunar, ta ce da suga a jikinsa za ta daɗe ba ta warke ba, kuma wurare biyu da take so ta soka suna ƙarƙashinta, sai an jira. Ta fara da inda ya samu, goshi, gefen hanci, haɓa, bayan kunne, da tsakanin babban yatsa da manuni.

Sai wata sabuwa ta taso. Wanda bai taɓa allura ba ya ɗauka kwanciya kawai zai yi a soke shi. Ba haka ba ne. In allura ta shiga likita na murza ta a hankali tana tambaya, shi kuma ya faɗi abin da yake ji. In nauyi ne, ko tsami, ko wani abu kamar yana tafiya a ƙarƙashin fata, to an samu wurin. In zafi ne mai tsini, sai a janye a gyara. Kawu Geng ko ƙala.

"Kawu, me kake ji?"

Shiru.

"Nauyi ko zafi?"

Shiru.

Ta fito ta wanke hannu a kusa da tagata, ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "Yaya Dou, kamar kabewa nake sokawa."

Kwana uku aka yi haka. A rana ta uku yana saukowa daga gado ya ce gobe ba zai dawo ba, jibi kasuwa, zai koma wurin mai gemu. Ya fita ya tsaya a rana. Gwaggo Fenglian ta jingina da tagata, wannan karon babu wasa a muryarta.

"Sau ɗaya kawai zan iya sake jawo shi. In ya rasa ranar Huo, ban san yadda zan zauna da shi a gida ba. Algaitar tana rataye a bango, in zai wuce sai ya kau da kai." Ta yi tsaki. "Duk laifin tsohon nan ne, surukina. Tun shekarar da ruwa ya ci gadar Kudu ya zo nan da ciwon ƙugu, ya koma gida da labarin jaki, har yau muna fama da shi."

Na ajiye biro. Ruwa ya ci gadar Kudu a 1997. Shekarata ta biyu ke nan a aiki, kuma a lokacin ba a taga nake ba, a gefen Likita Pang nake zama ina rubuta masa.

Da aka kawo kwamfuta an ce in kwashe tsofaffin katuna a zubar. Ban zubar ba. Suna nan cikin kwalayen tuffa sittin da uku, a ɗan ɗakin da ke bayan inda ake dafa magani, kowane kwali da shekararsa a jiki. Na 1997 kwali huɗu ne. Na ba da hutun ranata gaba ɗaya ina neman katin mahaifin Kawu Geng, ban samu ba. Washegari na zo kafin a buɗe ƙofa, ban ko sha kunun gero ba, na ci gaba. A kwali na uku na same shi. Lamba 97-1402, Geng Laishun, shekara sittin da takwas, masassaƙin dutse. Rubutun hannuna ne, irin na da, ƙanana a matse. Gaban katin cike, bayansa cike, har da ƙarin takarda da aka maƙala da fil wanda ya yi tsatsa.

Ba a nuna wa kowa katin wani, wannan doka ce, kuma ban taɓa karya ta ba. Na kai wa Likita Lei na tambaye ta. Ta karanta a tsaye, ta rufe baki da hannu. Ta ce mai katin ya rasu, wannan kuma ɗansa ne, ita ta yarda.

Da Gwaggo Fenglian ta shigo da shi, saura kwana ashirin. Ya zauna ya ɗora hannu a kan matashi kamar kullum. Na jawo kujera na zauna a gefen likita, inda nake zama a da.

Na ce, "Kawu, yau ba tambaya zan yi ba. Karatu zan yi maka."

Na fara. "Tambaya, yaushe ya fara. Amsa, majinyaci ya ce tun yana ɗan shekara tara, ya faɗo daga kan jakin kawunsa a hanyar rafi, ƙugun hagu ya bugu da dutse. Ya ce jakin baƙi ne, mai mugun hali, daga baya an sayar da shi. Tambaya, abinci. Amsa, yana son barkono, matarsa ba ta sa masa yadda yake so. Tambaya, fitsari. Amsa, sau uku kafin gari ya waye, in ya sha kunu sau huɗu."

"Katin wa ke nan?"

Na miƙa masa. Bai yi nisa a karatu ba, amma ya san sunan ubansa. A ƙasa kuma ga dangwalen babban yatsa da jan tawada, da wani farin layi da ya raba shi biyu. Kurfin sassaƙa dutse ne ya taɓa tsaga yatsan tsohon. Kawu Geng ya daɗe yana kallon layin nan.

Gwaggo Fenglian ta ce, "Wancan rubutun na gefe fa, mai baƙar tawada?"

"Na Likita Pang ne. Ya ce, mai yawan magana ne, a riƙa ba shi lokacin ƙarshe kafin a tashi."

Ta fashe da dariya har sai da ta zauna a bakin gadon allura. "Surukina? Mutumin da ko gishiri yake so sai dai ya nuna da leɓe? Kai, tsoho, ashe nan yake kawo maganar da yake hana mu!"

Kawu Geng bai yi dariya ba. Ya ce, "Akwai saura?"

Akwai. A ƙarin takardar ne, layi na ƙarshe. Na so in tsallake, amma ban iya tsallake layi ba. "Tambaya, ko akwai abin da ke damun ransa. Amsa, ya ce ɗansa mai algaita ne, yana busa a waje cikin sanyi, yana jin tarinsa ta bango. Ya roƙi likita ya haɗa masa maganin ƙirji ya kai masa. An haɗa, ƙulli bakwai."

Kawu Geng ya goge idon da ba ya rufuwa da bakin gyale, dama kullum cikin hawaye yake. Ya ce, "Inna ta ce ita ta sayo."

Can sai ya ɗauke hannunsa daga kan matashi ya dafa gwiwa. "Asabar ce. Biki muka yi a wani ƙauye bayan rafi. Na yi gumi, na ɗan sha, muka dawo a bayan babur mai ƙafa uku, iska tana duka na ta dama. Lahadi da safe na zo kuskure baki, ruwa ya zubo mini a riga. Bayan kunnen nan yana ciwo tun daren Juma'a ma. Abinci kuma ta wannan gefen kamar ina tauna takarda."

Na ce, "Wace Lahadi?"

"Wadda washegarinta na zo nan."

Wato ranar da ya zauna a gabanmu ya tsuke baki, kwanansa biyu kacal. Na rubuta, na danna biro har ya huda katin. Likita Lei ta tashi ta je ta tsaya a bakin taga, ta ba mu baya. Da ta juyo ta ce kawai, "Hau gado, Kawu."

Tun daga ranar bakinsa bai sake rufuwa ba. Allura ta shiga, ya ce tsami. Ta murza, ya ce nauyi, ya ce yana tafiya har haƙori, ya ce wannan ta yi kama da ranar da ƙudan zuma suka same shi a 1984, ya kawo labarin ƙudan zuman. Na mayar da shi lokacin ƙarshe kafin a tashi. Kullum allura, da hayaƙin tazargade a bayan kunne, da madubi a hannu yana gwada ɗaga gira da kumbura kunci. Gwaggo Fenglian ta karɓi ragamar maganin suga, ta kuma ɓoye tulun giya a gidan maƙwabta.

Ina da lissafin kwanakin. Rana ta shida, layi ɗaya ya fito a goshi. Ta tara, ƙunar ta kame aka samu wuraren nan biyu. Ta goma sha biyu, ido ya rufu. Ta goma sha bakwai, ya kumbura kunci iska ta tsaya daƙiƙa uku kafin ta tsere ta gefen baki. Jajiberin ranar Huo, daƙiƙa tara. Mai algaita kuwa kuncinsa ne jakar iskarsa, yana ja ta hanci yana turawa da kunci, sauti ba ya yankewa. Daƙiƙa tara ba komai ba ce.

Bayan ya fita na tambayi Likita Lei, "Da ya faɗa tun ranar farko, da ya kai?"

Ta ce, "Ban sani ba, Yaya Dou. Wasu suna warkewa ko ba mu taɓa su ba, wasu sai sun yi wata uku. Da dai ya fi haka samun dama."

Ba ni da layin da ake rubuta ban sani ba. Na bar wurin fayau, kuma abin ya tsaya mini a rai har na isa gida.

Ranar tara ga wata na ɗauki hutu na hau tudu tare da mutane. Ɗan Huo ya ɗauko masu busa daga Suide, don ba wanda ya tabbata. Aka jera akuya da dafaffen burodi a gaban kabari, aka ƙona takarda. Sannan Kawu Geng ya fito da algaitarsa daga jaka, ya jiƙa ɗan karan bakin, ya ce da babban mai busan Suide, "Ƙane, ɗauki sama. Ni zan riƙe ƙasa." Shekara arba'in da ɗaya bai taɓa riƙe ƙasa ba, wurin Huo ne.

Ya danna faifan bakin algaitar a leɓe ya busa. Sauti ya fito, ya yi rawa, sai iska ta tsere ta dama, fuuu. Ya sake, haka. Mai ganga ya tsaya da sanda a sama. Mutane suka fara kallon ƙasa, ni ma haka.

Gwaggo Fenglian ta ajiye kwandon da ke hannunta, ta goge hannu a riga, ta zo ta tsaya a damansa. Ta sa babban yatsa ta danne gefen bakin, sauran yatsun ta tallafe kuncin.

Ya ce ta gefe, "Ke, mutane na kallo."

"Su kalla. Busa, tsohon banza."

Ya busa. Wannan karon sautin ya tsaya, mai kauri, yana ɗan karkarwa, na Suide ya hau kansa, ganga ta shigo. 'Ya'yan Huo mata suka fashe da kuka. Na duba agogo, don ban san abin da zan yi da idona ba. Minti huɗu da daƙiƙa goma. Waƙar takan kai bakwai. A tsakiya fuskarsa ta yi jawur, leɓen ya saki duk da yatsan, ya sauke algaita. Na biyun masu busan Suide ya karɓa ya ƙarasa.

Kawu Geng ya durƙusa a gaban kabarin yana haki. Ya zuba giya a ƙasa, ya ce, "Rabi ne, Yaya Huo. Rabin da ya ɓata, ka tambayi Ƙaramin Dou, ya rubuta dalili."

Ya ci gaba da zuwa har watan goma sha biyu. Bakin ya dawo, sai in ya yi dariya sosai ake ganewa. Yana busa yanzu, gajerun waƙoƙi, kuma ya ƙi komawa sama. A layin sakamako na rubuta, ya samu sauƙi, ya yi busa ranar tara ga watan goma, minti huɗu da daƙiƙa goma, da taimako.

Na so a ce a nan katin ya ƙare. Amma tun bayan sabuwar shekara mutane suka fara zuwa daga ƙauyukan bayan rafi, su wuce tagata ba amsa, su zauna gaban Likita Lei su miƙa hannu su tsuke baki. A da, a shekara ba na samun fiye da goma sha biyu. Bana cikin wata uku na rubuta ashirin da uku. Da na matsa wa wata tsohuwa, ta ce ai Geng mai algaita ya gaya musu a wurin biki, wannan likitar hannunsa kawai ta taɓa, ta faɗi ranar da iska ta buge shi, har ta faɗi launin jakin da ya ka da ubansa.

Na tare shi a kasuwa yana zaɓen barkono. Na ce, "Kawu, me ya sa za ka yi mini haka?"

Ya ce, "To me kake so in ce musu? In ce akawu ne ya warkar da ni da tsohuwar takarda? Wa zai zo?"

"Ka gaya musu su amsa tambaya!"

"Kai ka gaya musu, ai aikinka ne." Ya ɗaga barkono ɗaya ya duba a rana. "Yaya barci, Ƙaramin Dou? Na ga idonka ya faɗa."

Ban amsa masa ba. Na saya wa littafin nan ƙarin takardu, na koma taga.